Lambar B27A1 a Hannun Ƙofar Direba: A Canza Hannun ko a Bi Waya?

Nasiru (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. An kawo mini Toyota Highlander ƙirar 2015, 'yar Amurka, irin wadda ake tayarwa da maɓalli ba tare da an zura makulli ba. Ƙorafin mai ita shi ne, idan ya zo da rimot a aljihu ya kama hannun ƙofar direba, ƙofar ba ta buɗewa, idan kuma ya taɓa wurin kullewa ba ta kullewa, alhali ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja tana amsawa yadda ya kamata. Maɓallan rimot suna aiki daga nesa, motar ma tana tashi lafiya. Na sa mata kwamfuta ta ba ni lambar matsala B27A1, na goge, sai lambar ta dawo. Ina neman shawararku kafin in ce wa mutumin ya sayi wani abu.

Alhaji Garba (Jega): Wa alaikumus salam, Nasiru. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, hannun ƙofar ne ya mutu. Hannun waɗannan motoci ba roba ce zalla ba, akwai eriya da sensa a cikinsa, kuma shi ne ke shan rana da ruwa da ƙura fiye da kowane kayan lantarki na motar. Ka duba zafin Maris da Afrilu a nan Kebbi, wanda yakan haura digiri 40, sannan ka haɗa da masu wankin mota da ke harba masa ruwa da inji. Ni mai sayar da kaya ne, na san abin da ake yawan nema. Ka samo na Beljiyam mai kyau, idan babu a nan a aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ka ɗaura, ka sallami mutum.

Shehu (Yawuri): Kafin a kai ga sayen hannu, ni ina ganin a fara canza batirin rimot. CR2032 ne, ba shi da tsada, kuma sau da yawa idan ya yi sanyi motar takan ƙi gane makulli a bakin ƙofa.

Oga Mamman (Argungu): Shehu, da batirin rimot ne da ƙofar fasinja ma ta ƙi, domin rimot ɗaya ne ke magana da ƙofofin biyu. Batirin da ya yi sanyi ba ya zaɓar ƙofa, kuma ba ya haifar da wannan lambar. Alhaji kuwa, ranka ya daɗe, ban musa cewa hannu yana mutuwa ba, na canza su da hannuna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce lambar ce ta faɗi haka. Ma'anar B27A1 a Toyota ita ce hanyar wutar eriyar ɓangaren direba ta yanke. Hanyar nan kuwa ta taso ne daga ƙwaƙwalwar da ke tantance makulli a cikin motar, ta bi ta soket ɗin gindin ginshiƙin gaba, ta ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ta shiga cikin ƙofa, ta isa soket ɗin hannu, sannan ta kai ga eriyar kanta. Ko'ina ta yanke a wannan tsakanin, lamba ɗaya ƙwaƙwalwar za ta rubuta, domin ita abin da ta sani kawai shi ne ta aika wuta ba ta ga ta zagayo ba. Idan ɗaki ya yi duhu ba a rantsewa cewa ƙwai ne ya ƙone sai an duba ko wutar tana isowa.

Malam Attahiru (Gwandu): Ina goyon bayan Oga Mamman, kuma ina so in yi wa ƙananan yaranmu da ke karantawa bayanin yadda tsarin yake, saboda bayanin da Nasiru ya kawo ya riga ya wanke sassa da dama ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Akwai magana iri biyu tsakanin motar da rimot. Ta farko motar ce ke fara ta: eriyar da ke cikin hannun ƙofa tana fitar da sigina mai gajeren zango, na kimanin kilohaz 134 a motocin Toyota, wanda ba ya wuce kimanin mita 0.7 daga hannun. An taƙaita zangon da gangan, don kada ƙofa ta buɗe wa wani alhali mai makulli yana can nesa. Idan rimot yana cikin wannan da'ira, sai ya farka ya ba da amsa, amma amsar tana tafiya ne a kan wani zango dabam, kimanin megahaz 315 a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na Turai kuma 433, zuwa ga na'urar karɓar saƙo da ke cikin motar. Magana ta biyu ita ce wadda mutum ke farawa da kansa idan ya danna maɓallin rimot, kuma wannan ba ruwanta da eriyar hannu sam, kai tsaye take zuwa ga na'urar karɓar saƙo.

To, tunda maɓallan suna aiki, rimot yana iya aikawa, na'urar karɓa tana ji, injin kulle na cikin ƙofar direba ma lafiyarsa ƙalau. Tunda motar tana tashi, eriyoyin cikin mota suna gane makullin. Tunda ƙofar fasinja tana amsawa, ƙwaƙwalwar tana gudanar da aikinta. Abin da ya rage shi ne reshe ɗaya tak, wato na ƙofar direba, kuma a reshen nan abubuwa uku ne ake tuhuma: waya da soket-soket ɗinta, hannun, sai ƙafar ƙwaƙwalwar da ke ciyar da wannan reshe, wadda ita ce ta ƙarshe da za a zarga.

Shehu (Yawuri): Na gamsu, Malam. Amma ni kwamfutata ba ta taɓa nuna mini irin wannan lambar ba, ko a motar da ƙofarta ta ƙi aiki.

Malam Attahiru (Gwandu): Wataƙila ƙaramar nan ce da ake haɗawa da wayar hannu. Soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16, inda ake jona kwamfuta a mota, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun daga ƙirar 1996, an wajabta shi ne saboda lura da inji da hayaƙi, shi ya sa yawancin ƙananan na'urori ba sa karanta komai sai lambobin da suka fara da P. Waɗanda suka fara da B na jikin mota ne, C na birki da ƙafafu, U kuma na sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen motar. Domin ganin na B kana buƙatar kwamfutar da ke shiga kowane sashe, ko manhajar Techstream ta Toyota. Akwai kuma abin lura: lambobin da suka fara da B1 da B2 kowane kamfani ne ke ba su ma'anarsa, don haka kada wani ya ɗauki fassarar da ya gani ta wata mota ya ɗora wa wannan.

Alhaji Garba (Jega): Duk wannan karatu ne mai kyau, Malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai ku malamai kuna mantawa da cewa mai mota yana tsaye a kan yaro yana duba agogo. Bin waya daga dashbod zuwa ƙofa aikin wuni ne, kuma a ƙarshe mai mota zai ce ai ba a sa masa komai ba, don me zai biya kuɗi mai yawa. Idan aka ɗaura hannu kuwa, ya ga abin da ya saya da idonsa. Ku faɗa mini gaskiya, a cikin irin wannan matsala ba hannun ne ya fi yawa ba?

Oga Mamman (Argungu): Alhaji, ko da hannun ne ya fi yawa, wannan motar guda ɗaya ce ke gaban Nasiru, ba taron motoci ba. Kuma kai kanka ka san kayan lantarki na Beljiyam idan aka ɗaura ba a cika karɓarsu a mayar ba, ga matsalar launi, domin hannun da za a aiko ba lallai ne ya dace da fentin motar ba. Idan yaron ya sa mutum ya saya, aka ɗaura, lambar ta dawo, wa zai ɗauki asarar? Sauri ya haifi nawa ke nan. Batun wuni guda kuma ba haka ba ne idan an san inda za a sa mitar awon lantarki.

Nasiru, ga yadda zan yi da ni ne. Ka fara tambayar mai motar ko an taɓa buɗe ƙofar nan, ko fanal bita, ko mai gyaran gilas, ko mai sa sifika. Ka kashe motar, ka cire kan batir na negatif (−), ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ka taɓa komai, saboda na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci, kuma duk soket mai launin rawaya da ka gani ka bar shi inda yake. Ka cire marfin ƙofa na ciki, ka ɗaga ledar da ke bayansa a hankali ba tare da ka yaga ta ba, domin ita ke hana ruwan da ya bi gilas shiga cikin mota. Ka duba soket ɗin hannu: ya zauna har ya kama, ko an tura shi rabi aka bari? Akwai kore-kore a ƙafafunsa? Akwai ƙafar da ta ja baya? Idan duk wannan lafiya, sai a zo ga awo.

Bashar (Kamba): Oga, ni a nan da fitilar gwaji nake yi, in soka allura a waya in ga ko za ta kama. Ya fi sauri.

Malam Attahiru (Gwandu): Bashar, don Allah ka ajiye wannan dabarar ga fitilun gaba da hon. Wayar eriya ba ta ɗauke da volt 12 a tsaye, sigina ne ke bi ta cikinta yana zuwa yana ɗaukewa, saboda haka fitilarka za ta iya ƙin kamawa a kan lafiyayyar waya, ka yanke hukuncin da ba daidai ba. Abin da ya fi wannan muni, fitila mai ƙwai tana jan wuta da yawa, kuma ƙafar ƙwaƙwalwa ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwar tantance makulli idan ta lalace ba cirewa da sawa ba ne kawai, sai an sake yi wa makullai rajista, aikin da kuɗinsa ya ninka na hannun ƙofa. Hujin allura kuma, ko da ido bai gan shi ba, ƙofa ce ga danshi, bayan damina ɗaya tagullar da ke ciki za ta fara cin kanta.

Awon da ake buƙata na ohm ne, batir a cire, soket na ɓangarorin biyu a cire. Wayoyi biyu ne ke zuwa eriya. Kowace ɗaya, daga bakin ƙwaƙwalwa zuwa bakin hannu, ya kamata ta nuna ƙasa da ohm 1, tsakaninta da bodi kuma kilo-ohm 10 ko sama da haka. Ka fara haɗa bakunan mitarka biyu ka ga abin da su kansu suke nunawa, don ka cire shi daga lissafi. Kuma ka nemo zanen wayoyi na wannan ƙirar da wannan shekarar, kada ka dogara da launin waya da ka haddace daga Camry ko Corolla.

Nasiru (Birnin Kebbi): Na gode, iyayena. Mai motar ya ce watannin baya wani ya sa masa manyan sifiku a ƙofofin gaba, amma ya ce ƙofar ta ci gaba da aiki bayan nan, sai daga baya ta fara yi tana bari, har ta tsaya gaba ɗaya. Na buɗe, soket ɗin hannu a zaune yake, babu tsatsa. Na auna wayoyin biyu, ɗaya ta ba ni 0.4, ɗaya 0.5, babu wadda ta taɓa bodi. Ke nan maganar Alhaji ce ta tabbata?

Alhaji Garba (Jega): To, kun ji. Mita ma ta bi bayana. In sa a nemo maka fari ko baƙi?

Oga Mamman (Argungu): Dakata tukuna, Alhaji. Nasiru, amsa mini tambaya biyu. Lokacin da ka auna, ƙofar a buɗe take ko a rufe? Lokacin da ka goge lambar ta dawo kuma, kana ina?

Nasiru (Birnin Kebbi): Awon a buɗe na yi shi, Oga, tunda ina tsaye ne a bakin ƙofar. Gogewar kuwa ina zaune a kujerar direba na yi ta, na rufe ƙofa saboda na kunna sanyi.

Oga Mamman (Argungu): To ka ga ba ka auna motar a halin da take ciwo ba. Wayoyin da ke cikin robar nan suna lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa ko aka rufe, kuma ƙofar direba ta fi kowace ƙofa motsi. Tagulla takan karye a ciki alhali rigarta ta waje tana nan lafiya, sai bakunan biyu su riƙa haɗuwa idan ƙofa tana wani matsayi, su rabu idan ta koma wani. Maganar mai motar cewa abin ya fara da yi yana bari ita ce babbar shaida, domin haka karyayyar waya take yi, sili-sili take tsinkewa. Sili ɗaya da ya rage ya isa ya sa mita ta yi ƙara ta nuna maka 0.4, saboda wutar da mita ke aikawa kaɗan ce ƙwarai.

Ka maƙala bakunan mitar da 'yan maƙalai don hannunka ya huta, ka ajiye ta inda kake ganin fuskarta, ka sa yaro ya riƙa tura ƙofar a hankali har ta rufe. Bayan haka ka buɗe, ka kama robar ka murza ta, ka ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan lambar mita ta yi tsalle ko sau ɗaya, ka samu. Idan kana son ka taƙaita wurin, cire soket ɗin gindin ginshiƙi ka raba hanyar biyu, ka auna rabin cikin mota dabam, rabin ƙofa dabam.

Malam Attahiru (Gwandu): Wannan tambayar ta Oga Mamman ta tuna mini da wani tarko da ya kamata a ambata. Akwai gwaji mai kyau da ake yi ba tare da sayen komai ba, wato a ciro hannun ƙofar fasinja, wanda aka san yana aiki, a jona shi a soket ɗin direba, a goge lamba a gani. Amma da Nasiru ya yi wannan gwajin ƙofa a buɗe, lambar ba za ta dawo ba, sai kowa ya ce hannun ne, a sayo sabo, a ɗaura, a rufe ƙofa, ciwo ya dawo. Gwajin ba shi da laifi, sharaɗinsa dai shi ne a yi shi bayan an tabbatar da waya a kowane matsayi na ƙofa.

Nasiru (Birnin Kebbi): Allahu Akbar. Oga, ƙofar tana kai kusan rabin rufewa sai waya ɗaya ta ɗauke gaba ɗaya, mita ta nuna babu hanya, da aka sake buɗewa ta dawo 0.5. Na zare robar na duba. Wanda ya sa sifikun ya cusa tasa wayar mai kauri ta cikinta, da alama da ƙarfe ya zura ta, domin ya yanki rigar wayoyi biyu. Ta eriyar da na ja sai ta miƙe kamar roba, tagullar ta rabu a ciki. Ɗayar da ya yanka ba ta tsinke ba tukuna, amma ana ganin tagullarta a fili.

Alhaji Garba (Jega): Gani ya kori ji, wannan karon waya ce. Sai dai ina nan a kan cewa ba kowace mota ce aka sa wa sifika ba, kuma ranar da mitarku ta wanke waya a buɗe da a rufe, wurina za ku zo. Abin da nake so in ji yanzu shi ne nawa yaron zai karɓa, tunda abin da zai nuna wa mai mota guntuwar waya ce da ba ta kai tsawon yatsa ba.

Oga Mamman (Argungu): Ranar nan za mu zo, Alhaji, kuma za mu zo da tabbaci, ba za mu dawo maka da kaya muna rigima ba. Batun kuɗi kuwa, Nasiru, ka kira mai motar kafin ka gyara, ka sa shi ya tura ƙofar da hannunsa yana kallon mitar, ka nuna masa wayar da aka yanka, sannan ka gaya masa farashin hannun da ba zai saya ba. Kuɗin bincike dabam, kuɗin gyara dabam, ka faɗa masa su tun kafin ka kama aiki.

Bashar (Kamba): Gyaran ai mai sauƙi ne, a fere bakin biyu a murɗe a naɗe da salatif.

Oga Mamman (Argungu): Wannan ba zai kai ƙarshen bazara ba, Bashar. Salatif yana sakin danƙonsa a zafinmu, murɗin kuma zai kwance da motsin ƙofa. Ko dalma ma ba a sa ta a daidai wurin lanƙwasa, saboda inda dalma ta shiga waya takan sandare, sai ta sake karyewa a gefen haɗin. Nasiru, ka yanke duk tsawon da ke ratsa robar, ka sa sabuwar waya mai laushi mai sili da yawa, mai kauri daidai da ta asali, ka yi haɗi ɗaya a cikin ƙofa, ɗaya a cikin ginshiƙi, inda babu motsi, ka rufe kowanne da robar da ke tsukewa da zafi. Kada ka ja ta ta yi tsam, kada kuma ka bar tsawon da zai naɗe. Idan ka tarar wayoyin eriyar biyu a murɗe suke da juna, ka mayar da su a murɗe yadda ka same su. Ɗayar da aka yanka ma ka canza ta yanzu tunda wurin a buɗe yake.

Malam Attahiru (Gwandu): Idan ka gama, ka sake awon a buɗe da a rufe kafin ka mayar da marfi, sannan ka haɗa batir, ka goge lambar, ka fita da rimot, ka rufe dukkan ƙofofi, ka gwada kullewa da buɗewa da hannu ba safar hannu, domin sensar taɓawa ba ta cika jin hannu ta bayan safa ba. Sai ka sake sa kwamfuta ka tabbatar lambar ba ta dawo ba.

Nasiru (Birnin Kebbi): An gama, iyayena, Allah ya saka da alheri. Wayoyin biyu suna nuna 0.4 ko ƙofa tana buɗe ko tana rufe, hannun yana kullewa yana buɗewa, kwamfuta kuma ba ta nuna komai. Wayar sifikar na sake mata hanya a gefe na ɗaure ta don kada ta riƙa gugar sauran.

Oga Mamman (Argungu): Madalla. Kafin ka miƙa makulli, zare robar ƙofar fasinja ita ma ka duba, domin mutum ɗaya ne ya sa sifikun ɓangarorin biyu, kuma da ƙarfe ɗaya ya yi aikin.